Hoton tsuntsaye, namun daji da bakin teku a Legas lokacin hunturu: tambayoyi da amsoshi

Na haura shekara goma ina zaune a Agege, kuma da hoton biki da suna da walima nake ci da iyalina. Amma abin da ya fi kwanta min a rai, wanda ba ya kawo ko sisi, shi ne in saɓi jaka da asuba in nufi bakin ruwa in zauna jiran tsuntsu. Duk shekara da zarar Disamba ta kama, tambayoyi kusan iri ɗaya ake yi min, a majalisa ko a ƙofar masallaci ko ta waya. Ga su nan na tara wuri guda, kowace da amsar da na saba bayarwa.

Malam, wai Legas ma tana da hunturu?

Tana da shi, sai dai baƙo ne mai gajeren zama. Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ya san hunturu da ɗari mai shiga ƙashi, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, a kwana ana jin wuta. Na Legas ba haka yake ba. Iskar ɗaya ce, mai tasowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi. To amma kafin ta ratsa ƙasar nan ta iso bakin teku ƙarfinta ya ragu, ga kuma iskar teku mai danshi tana tura ta baya. Shi ya sa yakan makara, galibi sai ƙarshen Disamba zuwa Janairu. Ya yi kwana huɗu ko biyar ya ɓace, zufa ta dawo, sai kuma wata safiya ka tashi ka ga gari ya yi fari. Da rana zafi yakan kai digiri 30 har ya ɗan wuce, ko a tsakiyar hunturun.

Don haka shawarwarin da za ka gani a YouTube na Turawa masu ɗaukar hoto a lokacin sanyi, wai ka sa batir a aljihun ciki kada sanyi ya kashe shi, ka sa safar hannu, ka ƙara haske saboda farin ƙanƙara, wannan duk na Turai ne da Amurka. Abin da sanyinsu yake yi mana a nan shi ne ya koro mana tsuntsayensu.

Me ya sa kake cewa wannan lokacin ya fi kowane lokaci a shekara?

Saboda abu uku sukan haɗu, kuma ba sa haɗuwa sai yanzu. Ruwan sama ya ɗauke, baƙin tsuntsaye sun sauka, sannan rana ta koma kan teku. Na ukun nan ne mutane ba su cika lura da shi ba, alhali shi ne babba.

Gaɓar Legas ta miƙe ne daga gabas zuwa yamma, kuma fuskarta na kallon kudu. Idan ka tsaya kana fuskantar teku, gabas na hagunka, yamma na damanka. A watan Yuni rana takan karkata arewa, ta fito ta bayan gidaje ta faɗi ta bayan gidaje, mai tsaye a kan yashi bai ga komai ba. A Disamba kuwa takan karkata kudu da kusan digiri 23, sai ta riƙa fitowa daga kudu maso gabas tana faɗuwa kudu maso yamma, wato duka biyun a kan ruwa. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ke nan kake da damar ka ga rana tana nutsewa cikin teku kana tsaye a ƙasar Legas. Na yi shekara biyu ina zuwa bakin ruwa da damina ina mamakin ina ranar take shiga, kafin wani dattijon masunci ya nuna min da hannu, ya ce in dawo bayan Kirsimeti.

Ƙarfe nawa ya kamata in kasance a wurin?

A ƙarshen Disamba rana takan fito wajen bakwai saura minti goma, a Janairu kusan bakwai daidai. Faɗuwarta tsakanin shida da rabi ne zuwa bakwai saura kaɗan. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya almurunmu gajere ne, da rana ta faɗi minti ashirin da 'yan kai duhu ya rufa. Ba a zuwa a fara neman wurin tsayuwa a lokacin.

Matsalar ita ce hanya. Mutumin Agege ko Mile 12 da ke son fitowar rana a Lekki, in ya jira sallar asuba a unguwa ya makara. Ni nakan fita kafin kiran salla, in yi sallata a Obalende ko wani masallaci a kan hanya, in ƙarasa. A Disamba cunkoson titin Lekki zuwa Epe ya wuce misali, musamman da yamma, saboda masu dawowa hutu da masu shagulgula. Safiya ta fi, ta kowace fuska.

Hazon nan ba ya ɓata hoto? Duk abin da na ɗauka fari-fari yake fitowa.

Yana ɓata wani, yana gyara wani. In abin da kake so shi ne shuɗin sama da shuɗin teku da dogayen benen Victoria Island a fili tas, to ka haƙura da ranar hazo, ka jira ranar da iskar teku ta share gari. Amma hazo yana da kyautar da ba ka samu a wani lokaci. Yana tace rana har ta zama kamar faifai ja ko ruwan goro, a ɗauke ta ba tare da ta ƙone hoton ba. Yana jera abubuwa hawa-hawa: kwalekwalen da ke kusa ya fito baƙi ƙirin, na bayansa toka-toka, jiragen dakon kaya da ke jiran shiga Apapa su zama kamar inuwa can ƙarshe. Gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, idan ka hango ta daga gefen ruwa da safiyar hazo, sai ka ga ƙarshenta ya narke cikin fari kamar ba ta da iyaka.

Dabarar ita ce ka kusanci abin da kake ɗauka. Yawan iskar da ke tsakaninka da shi, yawan ƙurar da za ta shiga hoton. Tsuntsun da ke taku goma daga gare ka zai fito garau ko a ranar da ta fi kowace hazo, wanda ke taku ɗari kuwa ko da gilashin kyamara (lens) na miliyan nawa ka ɗauke shi dishi-dishi zai fito. Sannan kyamara takan ruɗe idan ta ga fari ya yi yawa, sai ta rage haske, hoton ya yi duhu kamar toka. Ka ƙara mata da kanka a ma'aunin ƙara haske da rage shi da ke cikin saitinta, tsakanin +0.7 zuwa +1. In kyamararka tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, ka sa ta a kai, don wajen gyara a manhajar Lightroom ko Snapseed ka samu abin da za ka ja. Kada dai ka matsa wa maɓallin cire hazo har sama ta yi dabbare-dabbare. Wanda ya cire hazon duka, ya cire hunturun ne daga hotonsa.

Wai akwai namun daji a Legas? Ni ban taɓa ganin komai ba sai ɓera da hankaka.

Ɗan'uwa, ba Yankari ba ce, kada ka sa ran giwa. Amma akwai abin ɗauka. Wurin farawa shi ne gandun Lekki Conservation Centre da ke kan titin Lekki zuwa Epe, wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990. Faɗinsa hekta 78 ne, fadama da kurmi da ɗan fili mai ciyawa, an shimfiɗa hanyar katako ta ratsa cikin fadamar. Birai ne suka fi yawa, irin masu farin ciki da jan baya da doguwar jela, kuma sun saba da mutane har sun raina su. Akwai kada da guza da kunkuru da ɗawisu, da tsuntsaye iri-iri. Akwai kuma gadar lilo ta saman itatuwa mai tsawon mita 401, wadda kowa ke zuwa dominta. Don kallo tana da daɗi, don hoton dabba kuwa ba ta da amfani sosai, domin duk wanda ya taka ta sai ta girgiza, ga na bayanka yana jira ka matsa.

Ba a buɗe gandun da asuba, sai bayan ƙarfe takwas, don haka ka zama cikin na farkon shiga, kuma ka zaɓi ranar aiki. Asabar da Lahadi da ranakun hutu hayaniyar 'yan yawon buɗe ido takan kori komai zuwa cikin kurmi. Kurmin yana da duhu fiye da yadda ido ke nuna maka, sai ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa kyamara ƙarfin kama haske. Kada ka riƙe leda ko biskit a hannu. Biri ya taɓa fizge min murfin gilashi yana zaton abin ci ne, ya hau sama ya ɗanɗana, ya jefar cikin fadama.

In ka ƙara gaba wajen Ajah akwai gandun Lufasi, ƙarami ne kuma ya fi shiru. Can ƙarshe kuma Epe, garin masunta da kasuwar kifi, inda bakin tafkin yake da tsuntsayen ruwa. A cikin ruwayen nan akwai ayu, amma ganinsa sai mai rabo, ni dai ban taɓa ba.

Waɗanne tsuntsaye ne baƙin da kake magana?

'Yan ci-rani nake kiransu, don ba su da bambanci da mu. Kashi biyu ne. Akwai masu tasowa daga Turai da arewacin Asiya idan sanyi ya rufe ƙasarsu, su biyo gaɓar Afirka ta Yamma, su fara sauka wajen Satumba da Oktoba, su juya gida a Maris da Afrilu. Cikinsu akwai farare masu siririn fiffike da jela mai rassa biyu, waɗanda ke shawagi a kan teku su faɗo ruwa da ka su ɗauki kifi. Akwai wani mai launin ƙasa da dogon baki lanƙwasasshe da ke zaƙulo ƙaguwa a cikin taɓo, wanda ke ƙyanƙyasa can Aisilan da Rasha. Akwai wani ƙarami mai farin ciki da ba ya daina kaɗa gindi yana bin bakin ruwa. Akwai tsattsewar Turai. 'Yan'uwansu ne ke cika fadamar Haɗeja da Nguru a irin wannan lokaci, duk wanda ya fito daga wajen ya san su.

Kashi na biyu 'yan gida ne, daga Arewa suke gangarowa. Shirwa tana yawaita a Legas da rani, damina na kankama ta bi ruwa ta koma sama. Akwai kuma wani kore mai farin maƙogwaro da baƙar zoba a wuya da dogon zare biyu a jela, mai cafke ƙudan zuma a iska. Yana yin ƙwai a bakin hamada da damina, ya yi rani a kurmin kudu. Idan na gan shi a kan wayar lantarki a Lekki nakan ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a tasha.

Mazauna dindindin su ne balbela da zalɓe da cilakowa da kurciya da hankaka, da wani mai zanen fari da baƙi da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike kafin ya tsunduma ruwa. Don gane sunayensu, manhajar Merlin tana taimakawa, kyauta ce.

Da na matsa sai su tashi. Yaya kake yi?

Maharban da suke ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya suna tafiya kamar tsuntsu, ba wasa suke yi ba, sun fahimci cewa dabba tsayuwar mutum take tsoro. Ka rage tsawo. Ka tsuguna, ko ka zauna, ko ma ka kwanta rub da ciki a kan yashi. Kada ka nufi tsuntsu kai tsaye kana kallon idonsa, ka bi ta gefe kamar wani abin ne ya kawo ka, ka yi taku uku ka tsaya. In ya daina kiwo ya miƙe wuya, ka kai iyaka, ka dakata har ya koma cin abincinsa. Farar shadda da hula mai walƙiya ka bar su gida, ka sa tufa mai launin ƙasa ko toka.

Abin da ya fi duka shi ne ka bar shi ya zo da kansa. Ka lura da inda suke kiwo, ka riga su zama, rana tana bayanka, ka yi shiru minti ashirin ko talatin. Kwanciyar nan tana da riba ta biyu: idan kyamara ta yi daidai da idon tsuntsu, bayansa yakan narke ya yi laushi, hoton ya fita daban da na wanda ya ɗauka a tsaye.

Kuma don Allah kada ka sa yaro ya jefa dutse don su tashi ka samu hoton fiffike. Tsuntsun da ya ƙetare hamada ya iso nan, kiwon da yake yi guzurin komawa yake tarawa.

Waya kawai gare ni. In haƙura?

A'a. Bakin teku da kwalekwale da faɗuwar rana da biran Lekki da ke zuwa har gabanka, waya ta ishe su. Ka goge gilashinta, ka danna kan wuri mafi haske ka ja hasken ƙasa kaɗan, kada kuma ka ja hoto da yatsa fiye da zum ɗin da wayar take da shi na gaskiya. Tsuntsu na nesa ne kawai ya fi ƙarfinta.

In zan sayi kyamara, wace iri, kuma a ina?

Kuɗinka ya tafi kan gilashi, ba kan jikin kyamara ba. Tsohuwar Canon ko Nikon ta hannu da gilashi mai kaiwa milimita 300 (yawan lambar, yawan jawo abu na nesa) ta isa mai farawa, irin 70-300 ɗin nan. In hali ya samu, 150-600 na Sigma ko Tamron shi ne abin da yawancin masu bin tsuntsu ke riƙewa, sai dai nauyinsa ya kusa kilo biyu, wuya da kafaɗa za su gaya maka. Don faɗin teku kuwa ɗan ƙaramin 18-55 da ke zuwa tare da kyamara ya wadatar.

Ana samun na hannu a Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba. Ka je da wanda ya sani. Ka cire gilashin ka haska tocilan waya ta cikinsa, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ka ajiye ko nawa aka rage maka. Na taɓa sayen irinsa a wani shago cikin gaggawa, mai shagon ya rantse min ƙura ce, wata uku ta mamaye gilashin.

Wane saiti kake amfani da shi?

Tsuntsu a iska, saurin shota, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa ta ɗauki hoto, 1/2000 na daƙiƙa, in haske ya gaza 1/1250. Tsuntsu a tsaye ko biri a reshe, 1/500 ya isa. Ƙofar haske f/5.6 zuwa f/8, ISO kuma na bar wa kyamara ta zaɓa, na sa mata iyaka a 3200. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ya fi hoton da ya girgiza, na farkon ana gyara shi, na biyun sai shara. Ka sa kyamara ta riƙa bin abin da ke motsi, ka saita kan ido. Balbela da sauran farare ka rage musu haske kamar -0.7, in ba haka ba gashinsu ya zama farin fenti ba zane.

Teku kuma ya danganta da abin da kake nema. In kana son igiyar ruwa ta tsaya cak da feshinta, 1/1000. In kana son ta yi laushi kamar auduga, rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa biyu a f/11 da ISO 100, kyamara a kan abin ɗora ta mai ƙafa uku, kafin rana ta fito ko bayan ta faɗi. Ka danna ƙafafun cikin yashi sosai, don ruwa na janyewa yana zare yashin da ke ƙarƙashinsu. Layin da teku ya haɗu da sama kuwa ya miƙe sambal. Teku a karkace shi ne kuskuren da na fi gani, har a hotunan waɗanda suka daɗe a sana'a.

Wane bakin teku ya fi?

Wanda ya san Legas ta da zai ce Bar Beach, amma ta tafi, an cike wurin da yashi an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. Gaɓar shaƙatawa ta Landmark ma an rushe wani ɓangarenta a 2024 saboda titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba. Gaɓar nan canzawa take yi a kan idonmu, wannan ma dalili ne na ɗaukarta.

Elegushi tana kusa, amma ta shaƙatawa ce, da kuɗin shiga da kiɗa da dawakin haya, sai da sassafe take da natsuwa. Tarkwa Bay sai da jirgin ruwa, ana hawa daga Marina ko Victoria Island. Ruwanta a kwance yake saboda dogayen ganuwar duwatsu da Turawa suka gina a bakin mashigar tashar jiragen ruwa farkon ƙarni na 20, kuma manyan jirage suna wucewa dab da kai. In ka taka ta bayanta za ka fita buɗaɗɗen teku wajen tsohuwar hasumiyar fitila. Sai ka sa rigar kariya a jirgi, kuma ka tambayi lokacin jirgin ƙarshe tun da ka sauka, don ba a tafiyar dare. Wannan ne ya sa faɗuwar rana a can take da wuyar samu ga wanda ba kwana zai yi ba.

Ni dai Badagry ce tawa. Da nisa, hanyar kuma tana cin rai, amma in ka haye ruwa zuwa tsibirin Gberefu ka bi hanyar yashin da aka bi da bayi zuwa bakin teku, za ka tarar da gaɓa doguwa da itatuwan kwakwa da masunta suna jan taru, ba bene ko ɗaya a bayansu.

Na ji kana lissafin kwanan wata kafin ka fita. Mene ne haɗinsa da hoto?

Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini da kwana, kuma wata ne ke jansa. A Legas bambancin bai fi kamar mita ɗaya ba, amma a wuri mai shimfiɗe mita ɗaya fili ne babba. Lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana. Cika mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne a farkon watan Musulunci da kuma tsakiyarsa, wajen 14 da 15, don haka mai bin kwanan wata ya riga ya san rabin lissafin. Sauran rabin ka duba jadawalin cikar teku na Legas a intanet.

Idan ruwa ya janye, taɓon bakin tafki yana buɗewa, tsuntsaye su sauka kiwo, jiƙaƙƙen yashi kuma ya zama madubi ya ɗauki jan sama. Lokacin da na fi so shi ne ruwa ya fara dawowa, domin shi zai riƙa turo maka tsuntsayen sannu a hankali har inda kake zaune.

Ruwan yana da haɗari?

Ƙwarai. Mu mutanen tudu ne, wanda ya iya iyo a kududdufi ko a Tiga kada ya ɗauka ya iya teku. Gaɓar Legas tana da gangara, igiyar tana dukan ƙasa da ƙarfi, kuma akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki da gudu ya ja mutum. Da hunturu ya fi na damina lafawa, amma lafawar teku ba abin yarda ba ce. Kada ka juya masa baya, kada ka hau jiƙaƙƙun duwatsu, kada ka sa ido a kyamara ka manta da ƙafarka. Wata igiya ɗaya cikin goma takan fi sauran tsawo, ita ce ta taɓa kayar min da mai ƙafa uku, Allah Ya sa kyamarar na wuyana.

Yaya zan kare kyamara daga ƙura da gishiri?

A Arewa ƙura ce kaɗai abokiyar gaba, a nan su uku ne: ƙura da gishiri da danshi. Kada ka canza gilashi a bakin teku, ka zaɓi ɗaya tun daga mota. Kada ka goge gilashi da gefen riga, ƙurar hunturu da yashi kamar sandfefa suke, ka fara hure su da ɗan famfon roba sannan ka sa ƙyalle mai laushi. Feshin teku ba a ganinsa amma yana sauka, in ka dawo gida ka goge jikin kyamara da ƙyalle mai ɗan danshin ruwan daɗi, ƙafafun ƙarfen kuma ka wanke su, in ba haka ba tsatsa ta kama makullansu.

In ka fito daga mota mai sanyin na'ura, gilashi zai yi gumi nan take, ka yi minti goma ba ka ganin komai. Ka kashe na'urar tun kafin ku isa. A gida kuma kada ka bar kyamara cikin jaka a ƙarƙashin gado. Ka samu roba mai murfi ka zuba ƙullin ƙwayoyin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Ana hana ɗaukar hoto a wasu wurare? Masunta fa, ba sa faɗa?

Duk inda ka ga sojan ruwa, ko tashar jiragen ruwa, ko ma'ajiyar mai, ka sauke kyamara. Kewayen Tarkwa Bay da Apapa akwai irin waɗannan da yawa, kuma dogon gilashi yana jawo ido. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, kada ka ɗaga shi don ka ga wani ya yi. A wuraren da ake biyan kuɗin shiga, sau da yawa kuɗin kyamara daban ne, ka tambaya tun a ƙofa. A wani bakin ruwa da ba zan ambata ba, samari uku sun taɓa karɓar kuɗin wuri ɗaya a hannuna, kowa da nasa rasit.

Masunta kuwa, Ilaje ne ko Egun ko mutanen Gana, mutane ne a bakin aikinsu. Ka yi gaisuwa, ko da Yarbanci biyu ne ka iya ko Turancin kasuwa, ka kama musu igiyar taru na minti biyar, ka sayi kifi, sannan ka nemi izini. In ka koma ka kai musu hoton a takarda, ka gama samun wurin zama. Mutanen Makoko sun gaji da masu zuwa ɗaukar talaucinsu, can ba a shiga sai da ɗan gari. Masu fararen riguna da ke addu'a a bakin teku ibada suke yi, ka ba su wuri kamar yadda za ka so a ba ka.

Ni mace ce, ina sha'awar abin nan. Zai yiwu kuwa?

Hajiya, zai yiwu. Gandun Lekki da Lufasi wurare ne masu ƙofa da ma'aikata, iyalai suna zuwa, can ya fi dacewa a fara. Bakin teku da asuba kuwa ko namiji ban ba shi shawarar zuwa shi kaɗai da kaya masu tsada ba, a tafi mutum biyu ko uku. Hijabi mai launin toka ko ƙasa ma ya fi rigunanmu ɓoye mutum, in kika zauna shiru tsuntsu bai san ko ke ce ko kututture ba. Takalmi dai ya zama mai rufi.

Hukuncin hoton mai rai fa?

Ni ba malami ba ne. Hoton teku da itace da rana ba a yi saɓani a kansa ba. Na mai rai da kyamara malamai sun yi magana, da yawa sun halatta, wasu sun ƙi. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi.

Shara ta cika bakin ruwan. In goge ta a kwamfuta?

In roba ɗaya ce a gaban hotonka, ka taka ka ɗauke ta da hannu, ka tafi da ita. In kuwa wurin duka robobi ne da takalma da farin kwanon abincin nan da gwamnatin jihar ta haramta a Janairun 2024, to ka ɗauka yadda yake. Ina da hoton balbela tsaye a kan tarin gorunan ruwa, ya fi duk hotunan faɗuwar ranata sa mutane yin shiru. Gyaran haske da launi ba laifi, amma in ka cire abu ko ka ƙara, ka faɗa.

Ba ni da lokacin zuwa Lekki ko Badagry. Ina zan koyi hannu?

A unguwarku. Mayankar Oko-Oba da ke nan Agege balbela da shirwa da hankaka ba sa rabuwa da ita, kuma sun saba da mutane. Ka nemi izinin mahauta, ka tsaya gefe da hantsi rana tana bayanka, ka yi ta bin shirwa da kyamara tana shawagi har hannunka ya iya riƙe ta a tsakiyar hoto. Mako biyu za ka yi kana zubar da ɗari kana tsintar biyu. Mutanen Mile 12 da Ikorodu ga bakin ruwa nan kusa da ku, na Idi Araba da Yaba kuma gefen tafki ta wajen jami'ar Legas a Akoka bai yi muku nisa ba. Baƙin suna nan har Maris, amma rana takan fara barin kan teku tun tsakiyar Fabrairu, don haka in faɗuwarta kake so, ka sa ranar zuwa Badagry kafin Janairu ta ƙare.